Zagin da na yi wa minista

Taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata. Tare muka tashi a Maradi, kwano ɗaya, kuma wallahi ba abin da ya fi ni da shi sai tsawon wuya. Da aka zo ɗibar yara zuwa lakwal ɗin Nasara shi aka ɗauka, ni aka bar ni da jakuna ina kai gyaɗa kanti. Ya yi karatu, ya zama malamin biro, wato akawu, a wurin kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya shiga jam'iyyar da sarakuna ke so. Muna nan sai muka ji wai ya zama minista, tun Faransa ba ta tafi ba. Minista! Mutumin da ni nake kore masa karnuka.

Abin da ya fi ci mini rai inna ce. Ni nake kawo mata hatsi, ni nake yaɓe mata ɗaki kafin damina, amma ko tari ta yi sai ta sako sunansa. "Ɗana na Yamai," in ji ta. Ni kuwa ko ɗan wa ne, oho. Na yi kishinsa, ba na ɓoyewa. So nake ko sau ɗaya in ga ya muzanta a gaban jama'a, ya san akwai wanda bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Ranar da ya zo taro Tsibiri na bar jakunana na bi shi a ƙasa. Ya tsaya ƙofar fada cikin babbar riga sai ƙamshi yake, yana ta bayani a riƙe al'ada, a bi sarakuna, kada a biye wa 'yan zamani masu son rushe komai. Ban san sa'ad da na kutsa gaba ba.

Na ce, "Kai, rufe mana baki! Wace al'ada ka sani? Kai da ke cin tuwo da cokali a gidan kumandan? Ko hauya ba ka iya riƙewa ba. A Maradi aka kira ka kokawa ka ruga kana kuka, ka ɓuya bayan rumbu!"

Wani dogari ya yo kaina da bulala, ni ko gezau, jira nake in ga fuskar mutumin ta canza.

Sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Ƙyale shi, taubashina ne." Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani? Abin da muke karewa ke nan. A wace ƙasa mai jakuna zai zagi minista ya kwana gidansa, in ba a tamu ba?"

Haba! Sai guɗa, sai tafi. Tsofaffi suna ta sa masa albarka, wai ga mai girma da bai manta zumunci ba. Kafin in kai gida labari ya riga ni. Inna ta tare ni baki har kunne ta ce, "Ashe kuna nan da wasanku. Allah ya yi masa albarka, yaron nan akwai haƙuri."

Daga nan duk taron da zai yi a ƙasar Maradi sai a aiko mota har Sabon Gari ta ɗauke ni. In tashi in zazzaga masa abin da ke cikina, jama'a su sha dariya, shi ya ƙara farin jini. Ina daɗa zafi suna daɗa son sa.

Wata rana muna dawowa, daga ni sai shi sai direba, na kasa daurewa. Na ce, "Kai, ka san fa ba wasa nake ba. Duk abin da nake faɗa har zuciyata ne. Ba na ƙaunar ganin ka a wannan kujera."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Na sani mana. Tun muna yara na sani. Shi ya sa naka ke shiga jiki, na maroƙa ba ya kama ƙafarsa." Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Gobe Jiratawa za mu. Ka tanadi sabo, na cokalin nan sun gaji da shi."

Na rantse a raina ba zan sake shiga motarsa ba. Da safe da direba ya yi oda a ƙofar gida, har na shirya abin da zan faɗa.