Zarton Yanka Duma

Daminar da ta biyo bayan saukar tutar Bature, zauren gidanmu na Tambuwal ya faɗi. Ana kwashe ƙasa sai ga zartuna fuɗu, tsatsa ta rufe su sun yi jawur. Surukina kafinta ne, bai daɗe da rasuwa ba, ba a kuma gama rabon gadonsa ba. Nan take wan mijina ya ce uku a zuba cikin gado, ƙaramin a kai maƙera a fitar da wuƙaƙe.

Ƙaramin nan nawa ne. Ubana mai fafar duma ne a ƙasar Kebbe, shi ya naɗe shi a tsumma ya sa cikin kayan aurena. Surukina ya ara bai maido ba, kunya ta hana ni tambaya har ya koma ga Allah.

Na tsaya bayan zana na ce, "Yaya, wanga nawa na."

Ya ce, "Ke mi kika sani ga ƙarfe? Ludayi na?"

"Ludayin ma da shi aka yanka shi."

Malamin da ke rabon ya ce in kawo shaida. Ubana ya rasu, ƙotar da ya sassaƙa gara ta cinye. Na roƙi a ba ni zuwa la'asar. Na jiƙa duka fuɗun a ruwan tsamiya, na dirje su da toka, na miƙa su waje.

"Allah gafarta malam, shafa haƙoransu."

Na kafinta ana karkata haƙoransa, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada katako ya riƙe shi. Na duma ƙanana ne a miƙe, don bakin ƙwarya ya fita sumul. Malam ya shafa. Wan mijina ya ce ai lalacewa ce kawai.

Na aika masa da busasshen duma. Ya ɗauki babban zarto, ja uku ya yage shi. Na zauna, na matse wani tsakanin ƙafafuna, na bi shi da ƙaramin zarton a hankali ina juyawa yadda na tashi na gani. Na miƙa ƙorai biyu ta saman zana. Aka kifa ɗaya kan ɗaya, ko tsinke bai shiga tsakani ba.

Malam ya ce, "Ku ba ta kayanta."

Ban yi godiya ba. Kakar shekarar, duk duman unguwarmu ɗakina aka kawo shi.