Albasar da Kaka Ya Hana Girma

Matso kusa ka ji, ɗan'uwa. Jiya surukata ta tsince ƙananan albasa daga kwando za ta zubar. Ƙamshin na bugun hancina, sai ga ni a bayan gidanmu, ina yarinya, shekarun fari.

Lokacin nan gero ya ƙi, rijiya sai an haɗa igiya biyu. Abin da ya rage mana ƙoƙo ɗaya ne na irin albasa, a hannun Kaka, mahaifin Baba. Maƙwabta sun shuka nasu tun shigowar sanyi, shi kuwa ya ƙi, sai da sanyi ya fara ja da baya. Da ya tashi kuma ya zuba irin cunkus a fangali biyu na lambun bayan gida, ya fito kamar gashin kai. Na tambaye shi dalili, ya ce so yake ta ƙi girma, don ita za a ajiye a dasa gaba. Ni dai kaina ya ɗaure. Shekarar da komai ya tsumbure muna kuka, shi yana neman tsumburewa da gangan?

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Baba, da ya saba rage gero in ya yi yawa a rami, ya ji tausayin shukar, ya rage fangali ɗaya. Albasar wannan fangalin ta samu sarari, ta yi kai kamar ƙwan kaza. Ta Kaka ba ta wuce aya ba, har matan gidan na cewa ko miyar gwauro ba za ta yi ba.

Kaka ya fito da sanda, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ka yi mata alheri, mu ka cuce mu."

Baba ya sunkuyar da kai. Aka tone, aka shanya duka a inuwa aka adana. Da lokacin dashe ya zo, rabin manyan nan sun ruɓe, sauran da aka binne suka miƙe da fure, babu kai. 'Yan mitsitsin nan su suka kumbura. Su ne Baba ya kai kasuwar Minjibir a jaki ya sayar, ya dawo da dawa, muka riƙa cin tuwo sau ɗaya a rana. Da fangali biyu ne, da sau biyu muka ci.

Yanzu iri a gwangwani yake zuwa da rubutu, inji ke jan ruwa, ba mai jira. Ƙananan nan na surukata kuwa na karɓe na ƙulle a gefen zane, ban ma san me zan yi da su ba. Kai da ka yi karatu, gaya mini, yaya aka yi matsi da jinkiri suka ciyar da mu, sarari kuma ya bar mu da fure?