Karyar da ke tsoron kaji

Irsa ce ta jawo mana karyar. Wata 'yar dabba ce siririya mai kama da tunku, tana bin bututun ruwa ta hau benaye. A saman gidan da muke haya a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira Umma na kiwon kaji cikin akurkin katako, kuma irsa ta sa mata 'yan tsaki a gaba, yau ɗaya, jibi biyu.

Malamarmu ta kimiyya, wadda muke ce wa Abla, tana taimakawa a wani gida da ake tara karnukan da aka yar. Wata rana ta nuna mana hotunansu a wayarta. Ni ba na magana a aji. Shekarata uku a makarantar, Larabcin ya zauna a bakina, amma in aka kira ni sai muryata ta maƙale. Ranar na jira kowa ya fita, sannan na ce mata ina son karyar da ke hoton ƙarshe: wata doguwa mai launin ƙasa, bakinta tsini, cikinta ya lafe kamar an ɗaure shi da igiya. Abla ta ce mafarauta ne suka yar da ita a bakin hanyar sahara bayan ta ji ciwo a ƙafa.

Baba yana karatun fiƙihu, na ɗauka zai ce a'a. Sai ya daɗe yana kallon hoton da Abla ta turo.

"Wannan ai karen farauta ne. Kawuna yana da irinsa a ƙauye," in ji shi. "In don gadin kaji ne, babu laifi. Amma a sama za ta zauna, ba ta shiga ɗaki."

Ranar Juma'a da la'asar Abla ta kawo ta. Karyar ba ta san matakala ba, sai da Abla ta rungume ta har hawa biyar, dogayen ƙafafunta na reto. Bawwab, mai gadin gidan, ya tattare jallabiyarsa ya manne da bango yana ta a'uziyya. Kafin Abla ta tafi ta shafa haƙarƙarin karyar ta ce, "Sati biyu, habibti. In ba ta fara ci sosai ba zan mayar da ita. Ba ta da sauran naman da za ta zubar." Baba kuwa ya ce kada in raɗa mata suna tukuna.

Tana sauka ta shige bayan tankin ruwa, wani lungu tsakanin tankin da bango. Can ta zauna.

Na shimfiɗa mata tsohon bargona, ta ƙi hawa. Na kai mata hantar kaza, na kai gurasa da romo, na kai sauran tuwo. Kullum nakan tsaya a bakin lungun da kwano a hannu, in leƙa, in kalle ta ido cikin ido don ta ga ba ni da mugunta, in ce, "Zo mana. Ta'ali." Sai ta juya kai ga bango, fatar cinyarta na rawa. In na ajiye kwanon na sauka, takan ɗan taɓa, magen maƙwabta ta cinye sauran. Na gane haka ne daga sawun da ke kan ƙura: nata dogaye, taku uku daga lungun su koma, na magen kuma sun zagaye kwanon.

Komai tsoro yake ba ta. Mai sayar da gas in ya bi layinmu yana buga ƙarfe a jikin tukunya, sai ta cusa kai ƙarƙashin bututu. Zanin da aka shanya in iska ta kaɗa shi. Tsintsiyar Umma. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zakaran. Rana ta huɗu ta fito shan ruwa, ya buɗe fukafukai kawai, ta koma da gudu har tana buge tankin. Umma na tsaye da kwandon shanya.

"To, madalla," ta ce. "An kawo mai gadi. Yanzu sai a nemo wanda zai yi gadin mai gadin."

"Umma, ba ta saba ba ne."

"Irsar ma ai dariya take mana. Wannan kwarangwal ɗin, ko ɓera ya yi tari sai ta suma."

Na sauka na rufe kaina a banɗaki.

Kowace safiya Abla kan tambaye ni da ido, in sunkuyar da kai. Na fara ƙirga ƙasusuwan bayan karyar daga nesa, kuma kullum sai in ga wani sabo ya fito. Rana ta tara na dawo daga makaranta a gajiye, microbas, ƙaramar motar hayar da nake hawa, ya cika, wata ta taka min ƙafa tun daga tasha. Na hau sama ko jaka ban ajiye ba. Hantar safe na nan, ƙudaje sun rufe ta. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Me kike so ne? Me na yi miki? Yalla, ki ci!"

Na yi jifa da kwanon. Ya yi ta ƙara a kan siminti. Da ya yi shiru sai na ga fitsari yana gangarowa daga lungun, siriri, har ya zo gab da takalmina. Haka 'yan ajinmu suke min, su kewaye tebur suna leƙa fuskata: yi magana mana, ba ki da baki ne? Na wanke wurin, ban sake kallon lungun ba ranar.

Rana ta goma sha biyu aka ɗauke ruwan famfo. Ina sama da sassafe da kwanon romo, sai ga Baba ya hawo duba tankin. Bai taɓa hawowa ba tun da aka kawo ta, kuma ban gaishe shi ba tukuna don ya fita masallaci tun ban tashi ba. A gidanmu ba a gaida Baba a tsaye, ko a Alƙahira. Wata ƙawata Bamisriya ta taɓa gani ta yi ta dariya, wai ita sumbatar kumatun babanta take yi. Na tsuguna inda nake, bayana ga tankin, kaina a ƙasa, kwanon a hannuna ta gefe.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya karatu?"

"Alhamdulillahi."

Nan gaisuwar ke ƙarewa kullum, in tashi. Na fara miƙewa sai ya ce a hankali, da muryar gaisuwar, "Kada ki motsa. Kada ki waiwaya." Ya ci gaba. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Sai na ji ƙarar farata a kan siminti a bayana. Tak, tak. Shiru. Tak.

"Ya sanyi?" Ana tsakiyar zafi ne.

"Da sauƙi."

"Ya malamanku? Ya Ummanki?" Ummar da ya baro a ƙasa yanzun nan. Kwanon ya motsa a hannuna. Na ji numfashi mai ɗumi a gwiwar hannuna, sannan ƙarar harshe a cikin romo. Baba ya gaida 'yan ajinmu, ya gaida mutanen gida Najeriya ɗaki ɗaki, da suka ƙare ya ce, "Ya kaji?" Gwiwoyina kamar za su tsage. Ina kallon wata tururuwa tana jan ɓarɓashin gurasa, kwanon yana ta rage nauyi har ya zama fanko.

Kwana goma sha biyu ina kallon ta, ashe kallon ne ba ta so. Haushin kaina ya kama ni fiye da murna.

Da na sauka Umma ta ga hannun rigar makarantata ya jiƙe da yawu. Baba ya fara bayanin cewa a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne. Umma ta ce, "Malam, ku yi ta karatunku. Ke, cire rigar nan." Ba ruwa a famfo, sai da na goran sha na wanke ta, na tafi makaranta da ɗanyen hannun riga.

Ranar Juma'a Abla ta zo. Na roƙe ta ta tsaya a bakin matakala ta kalli wani wajen. Na tsuguna na ba tankin baya, ina gaida ba kowa ba, a hankali. Karyar ta fito ta cinye. Abla ta ce, "Khalas, shi ke nan, ku riƙe ta."

Har yau in na kira ta ba ta zuwa. In na kalle ta kai tsaye sai ta tuna tana da lungu. Zakaran ne ke mulkin saman bene, kuma a satin nan irsa ta sake ɗauke ɗan tsako, mai gadin kajin kuwa tana kwance a kan bargona. Kullum da safe ina tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sau biyu microbas na tafiya ya bar ni. Baba ya ce yanzu sai in nemo mata suna. Umma ta ce ai tana da shi tuntuni, kuma in ta ce "kwarangwal" daga bakin matakala, kunnen karyar yakan ɗan motsa.