Littattafan Yaya a bakin wuta

Ko da komai na ƙuruciyata zai ɓace mini, ba zan manta da ranar da littattafan Yayana suka kusa zama toka a tsakar gidanmu ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ji ƙaurin takarda sai ranar ta dawo mini.

A lokacin na bar lise, wato babbar sakandare, ina ƙauyenmu na karkarar Garhanga ina taya Inna aiki, don Baba ya rasu. Yaya kuwa yana jami'a a Yamai yana karatun falsafa, saura ya rubuta kundin kammalawa da suke kira memuwar. Malamin da ke duba aikinsa ya ce ko layi ɗaya ba zai rubuta ba sai ya yi karatu tukuna. Ya ara masa littattafansa na kansa, waɗanda ba a samun irinsu a kasuwa, ya kafa masa sharaɗi: in ya gama babi ya rufe littafin, ya faɗi manufar marubucin da Hausa, da murya a fili, sannan ya juya ya yi masa gardama. Bayan haka ya nemi wanda bai karanta ba ya fahimtar da shi. Da ya zo gida hutun damina da littattafan, ni aka samu.

Ban taɓa ganin damina mai daɗin wannan ba. Mukan hau dutsen bayan gari, inda kaɗai ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, da 'yar gyaɗarmu a ƙulle. Daga can muna hango layukan duwatsun da iyayenmu mata suka jera a kan faƙo don tare ruwa har ya koma gona. A kan wannan ma Yaya yake son rubutunsa: ƙasa ta wanda ya gada ce, ko ta wanda ya raya ta? In malamin ya kira sai ya ce a ba ni salular. "Ɗiyata, me ya faɗa miki?" In na yi inda-inda, sai ya ce Yaya ya koma farkon babin. Yaya ya harare ni, ya ce, "Kin kashe ni! Kai kamar tulu, ba abin da ka zama ciki." Ni ko in ce laifin mai zubawa ne.

Amma galibi shi kaɗai yake hawa. Mutane suka riƙa ganinsa yana kai da kawowa, yana tambaya yana ba kansa amsa, yana nuna iska da yatsa. Dutsen nan kuwa tun kakanni an san gidan iskoki ne, ba a wasa da shi. Magana ta fara a bakin rijiya. Da ta kai kunnen Inna, sai ta aika wa yayanta, Kawunmu, ba da saninmu ba.

Ranar na dawo daga kai fura gona, na tarar da gida cike. Samari biyu sun danne Yaya a ɗaki, hayaƙin magani yana fita ta ƙofa. An tara littattafan a kan karan gero, Kawu na tsaye da ashana. Yaya yana ihu, tsabar ruɗewa Faransanci yake yi.

"Kun ji ko?" in ji Kawu. "Ba shi na ba, su na ka magana. Ta cikin takardun ga sunka shigo."

Na san in suka ƙone, Yaya ba shi da idon da zai kalli malaminsa, shekararsa kuma ta tafi. Ni da ban taɓa ɗaga ido a gaban Kawu ba, ban san lokacin da na faɗa kan tulin ba. Ashe ya riga ya ƙyasta. Na ji zafi a ƙafata, bakin zanena ya kama. Inna ta kurma ihu ta watsa mini ruwan tulu, Kawu ya tattake karan.

"Ke ma sun kama ki?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, don Allah, tambaya guda ta a cikin littattafan ga. In mutum ya ara ma wani hwaƙo, shi ko ya jera duwatsu, ya kai taki, har wurin ya yi hatsi, mai wuri ya dawo ya ce a ba shi abinai, wa ad da gaskiya?"

"Wannan har tambaya ta? Mai wuri mana! Gado wasa na?"

Wani dattijo maƙwabcinmu, da aka kira don ya yi addu'a, ya ajiye carbinsa. "A'a, Alhaji. Wurin da ko akuya ba ta tsayawa? Wa ya sha rana?"

Shi ke nan. Kawu ya kawo hujja, dattijo ya rushe ta, samarin suka saki Yaya suka fito sauraro, kowa da ɓangarensa. Yaya ya lallaɓo yana tari, idanu jajur, ya durƙusa. "Kawu, in mai aron ya mutu fa, ɗiyanai su tashi?"

Kawu ya mayar da ashanar aljihu. Sannan ya tura masa littafi guda da ƙafa, wanda gefensa ya babbake. "Buɗe mu ji mi naka mutumen ya ce. Amma da Hausa, ka ji?"

Har aka kira la'asar suna nan. Inna tana shafa mini man shanu a ƙafa.

Da Yaya ya kira malamin ya ba shi haƙurin littafin, sai malamin ya tambayi lafiyar ƙafata, sannan ya ce ya fara rubutu.

Yanzu Yaya yana koyarwa nesa da mu, Kawu ya rasu, ni kuma har yau ba na iya ƙona ko tsohuwar takarda. Abin da na koya shi ne, Inna da Kawu ba karatu suka ƙi ba, ɗansu suke tsoron rasawa. Duk wanda ya je ya ɗebo ilmi, ya fara zama da na gida ya gaya musu abin da yake yi, da harshen da suke ji, tun kafin tsoro ya gaya musu nasa.