Ba a Wasa Wuƙa a Gaban Sajan

Rumfata tana manne da tasa, kwano ɗaya ne ya raba mu. Ni ina sayar da tumatir da albasa da tattasai, shi yana sayar da nama, don haka duk wadda ta tashi daga teburinsa gabana take faɗowa. Duk kasuwar nan Ba-Ragi ake ce masa, domin ko uwarsa ce ta dawo duniya, abin da sikeli ya nuna shi za ta biya. Mun tsufa a jere muna faɗa. Ni ina cewa ƙudajensa sun dame ni, shi yana cewa albasata ce ta lalata masa ido.

A hannun mahaifinsa ya koyi fawa, kuma ba wuƙa kaɗai ya gada ba, har da taurin kai. Mutum ne gajere mai kaurin wuya, ba ya dariya sai ta zama dole. Matarsa ta rasu tun yaransu ba su gama girma ba, bai sake aure ba, ya ce shi ya gaji da ciniki. Idan ka gan shi yana sara ƙashi a kan gungume, sai ka rantse babu ɗigon tausayi a jikinsa. Amma masu aikin mayanka sun san wani abu da masu saye ba su sani ba. Ba-Ragi bai taɓa wasa wuƙa a gaban dabba ba. Sai ya zagaya bayan bango ya wasa abarsa, ya dawo da ita a ɓoye a bayansa, ya ba rago ruwa, ya shafa masa wuya yana yi masa hira. Yaron da duk ya zaro wuƙa dabba tana kallo, ranar ya bar aiki a wurinsa. Yakan ce, “Mutuwa sau ɗaya ce. Wanda ya nuna wa dabba wuƙa tun da safe ya kashe ta sau biyu.”

Yana kuma da kare, tsintarsa ya yi. Wata safiya bayan ruwan sama ya taras da ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin teburinsa yana rawar sanyi. Ya kore shi ya dawo, ya sake kora ya sake dawowa, shi ke nan aka zama ’yan gida ɗaya. Ya sa masa suna Sajan saboda yadda yake zagaya layinmu yana duba kowace rumfa kamar an ba shi aikin. Doka ɗaya ya kafa masa: ba ya tsallako kwatar da ke gaban rumfa. Can gindin turken wutar lantarki yake kwanciya, kuma Ba-Ragi ba ya taɓa shi sai ya tashi daga kasuwa, ya kankare tebur, ya rufe wuƙaƙensa. Ni dai ba na son kare, ban kuma ɓoye ba. Ko kallona ya yi sai na ce ya tafi can ya kalli ubangidansa.

Shekaru suka tura. Bakin Sajan ya yi furfura, haƙoran gaba suka zube, zagayen duba rumfuna ya koma daga turke zuwa inuwa, daga inuwa zuwa turke. Ba-Ragi ma gwiwa ta fara yi masa gardama, har babban ɗansa ya dawo rumfar yana kama masa.

Wata yamma ina tattara kwandunana sai na ga ya tsuguna yana shafa karen kamar kullum. Hannun mahauci ba shafa kawai yake yi ba, lalube yake yi. Da shi yake taɓa bayan rago ya faɗa maka yawan kitsen da ke ciki kafin a feɗe. Na ga hannun ya kai ƙasan hamatar Sajan ya tsaya, ya wuce, ya sake dawowa wurin.

“Mai Albasa,” ya ce, “zo ki taɓa nan.”

“Ni? Allah ya kiyashe ni. Me ka gani?”

Ya miƙe ya zo har bakin rumfata, ya juya wa karen baya, sannan ya ce a hankali, “Ƙullutu ne, ya kai ƙwan kaza. Kuma ba ya motsi.”

Washegari ya sayi sabon baro, don kada wani ya ce ya ɗauki kare a baron nama. Ya shimfiɗa tsohon bargo, ya ɗora Sajan, ya tura shi har asibitin dabbobi, mutane suna ta dariya a hanya. Da ya dawo ya ja ni bayan rumfa ya ba ni labari. Likitar yarinya ce, sa’ar ’yarsa ta ƙarshe, amma ta san aikinta. Ta sa allura ta ɗebi kaɗan daga cikin ƙullutun ta aika gwaji. Ta ce mai yiwuwa kitse ne ya taru, mai yiwuwa kuma ciwon daji ne, ba za ta yi masa ƙarya ba, sai sakamako ya fito.

“To kai me hannunka ya ce?” na tambaye shi.

“Hannuna ba likita ba ne,” ya ce, ya shige rumfarsa.

Kasuwa kuwa ba ta riƙe magana. Wani ya gan shi a asibitin, kafin rana ta faɗi kowa ya zama likita. Sai ka ga an tsaya a kan karen ana nuna shi da baki. Wannan ya ce cutar kansa ce, wancan ya ce ba zai ga ƙarshen wata ba, wata ta ce haka kumburin mijin yayarta ya fara. Sajan yana kwance yana bin bakinsu da kallo, yana kaɗa wutsiya, a zatonsa gaishe shi ake yi. Ba-Ragi ya fito da tsumma a kafaɗa.

“Wanda ya zo sayen nama ga tebur. Wanda ya zo ta’aziyya ya yi sammako, ba a mutu ba tukuna. Ku ba shi wuri!”

Aka watse ana gunaguni. Daga ranar ciniki ya fara ja da baya. Mata suka riƙa wuce teburinsa suna toshe hanci, wai mahauci yana jinyar kare mai ciwo, wa ya san abin da hannunsa ya taɓa. Ni da nake ganin yadda yake dirje hannun nan da sabulu har gwiwar hannu, abin ya ƙona mini rai. Na ce wa wata, “Ke da kike sayen kifi a bakin kwata, yau kuma tsabta ta motsa?” Ta fasa sayen tumatir ɗina, na ce ta gaida gida.

Ɗan ne ya kasa haƙuri. Ba mugu ba ne, yana da mata da ƙananan yara, kuma naman da ya kwana ba ya dawo da kuɗinsa. Ya sami uban a gindin turke yana ba Sajan ruwa, ya tsaya a kansu.

“Baba, gaskiya abin nan ya isa. A kai shi a yi masa allura ya huta, mu ma mu huta. In gadi ne, a samo ƙarami. Karen bana shi ke maganin zomon bana.”

Ban taɓa ganin tsoho ya miƙe da sauri haka ba. Ya damƙi hannun rigar ɗan, ya ja shi har bayan rumfata, inda karen ba ya hango su.

“A gabansa? A gabansa kake faɗa? Me na koya maka a mayanka?”

“Baba, kare ne fa. Ba ya jin magana. Kuma ban ce a kashe shi ba, hutar da shi za a yi.”

“Ba cinya ba, ƙafar baya. Ba ya jin magana, amma yana jin murya. Tun kana zuwa makaranta yake raka ka bakin titi, ya san muryarka ta wasa, ya san ta fushi. Likita ma da ta yi karatun ta ce a jira, kai ka riga ka haƙa rami.”

“Masu saye suna gudu, Baba. Inna, ki gaya masa gaskiya.”

Na ce, “Kada ka sa ni a ciki, ɗan nan. Ni albasa nake sayarwa.”

Ba-Ragi ya koma rumfa, ya kwance ɗamarar aikinsa, ya ɗauko babbar wuƙar da ya gada da dutsen washinta, ya ajiye a gaban ɗan. “Hannuna suke ƙyama, ba naka ba. Ga tebur, ga wuƙa. Ka ciyar da ’ya’yanka.” Ya ɗora Sajan a baro ya tsallaka titi. Ɗan ya tsaya riƙe da wuƙa kamar an ba shi garwashi.

Kowa ya zaci gida zai koma ya ɓuya. Ina! Kullum da safe sai ga shi da baronsa, ya kafa benci a tsallaken titi, daidai saitin rumfar, gaban wani shago da aka daɗe da rufewa. Ya yi wa Sajan wanka, ya saya masa sabon abin wuya ja. Daga can yake ɗaga murya, “Kai, bi gaɓa! Ƙashi kake sara ko itace?” Da rana ya tsallako ya shiga layi kamar kowa, ya nuna tsoka mai laushi, irin wadda bai taɓa ba karen ba, ya sa a yanka masa ƙanana saboda rashin haƙora. In ɗan ya ce ya bar kuɗin, sai ya ce shi ba a yi masa ragi. Duk wanda ya tsaya tambayar jikin kare, amsa ɗaya ce: “Ya fi ka lafiya.” Amma ni na ga yadda yake kai hannu wurin ƙullutun idan ya zaci ba mai kallo, ya janye da sauri.

Ranar da aka ce sakamako ya fito, ya zo rumfata tun ban gama jera kaya ba.

“Mai Albasa, raka ni za ki yi. Igiyar Sajan za ki riƙe mini.”

“Ga ɗanka can.”

“Fuskarsa ba ta iya ɓoye komai. Ke kuwa kullum taki a murtuke take, ba zai ga bambanci ba.”

Na zage shi, na rufe kwandunana da buhu, na bi shi.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, sai warin magani da wata akuya da aka ɗaure wa ƙafa. Likita ta duba Sajan a kan teburin ƙarfe, ta shafa kansa, ta jawo takarda ta buɗe baki za ta fara. Ba-Ragi ya ɗaga hannu.

“Dakata, ’yata.”

Ya sauke karen a hankali, ya fito da shi baranda, ya miƙa mini igiyar. “Zauna wurin Inna, Sajan, zan biya kuɗin magani.” Ya koma ya ja ƙofa. Sai a lokacin na gane aikin da aka kawo ni yi.

Taga a buɗe take, kunnena kuma ba ya barci. Na ji likita ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, ciwon ne. Kuma ya riga ya yaɗu, a shekarunsa aiki ba zai yi masa amfani ba.” Na ji ya tambaya ko yana jin zafi, ta ce ba sosai ba tukuna, akwai maganin da zai riƙe shi muddin yana cin abinci. Ya ce to ranar da ya daina ci, ita za ta zo gida, kuma allurar ta taho da ita a aljihu. Sajan ya ɗaga kunne jin muryar ubangidansa. Ban san sanda na ja igiyar ba, na kai shi can gindin bishiya, na tsuguna ina yi masa surutun banza a kan tsadar tattasai. Hannuna yana kan wuyansa. Ni da ko inuwarsa ba na so ta taɓa ni, ga ni ina shafa shi.

Ba-Ragi ya fito da ƙunshin magani. Bai nufo mu ba. Ya zagaya wurin famfo ya sunkuya, ya daɗe yana wanke fuska, ya goge da hularsa, ya mayar da ita daidai. Sannan ya taho da tafiyarsa ta kullum, ya tsaya a kan karen ya haɗe rai.

“Kitse ne, in ji likita,” ya ce da ƙarfi. “Ka cika ci, Sajan. Ka sa na bar sana’ata a banza.”

Sajan ya buga wutsiya a ƙasa, ya lashi iska. Ba-Ragi ya juyo ya kafe ni da ido, irin kallon da yake yi wa yaran mayanka.

Na ce, “Ai na daɗe ina faɗa. Kare ya fi ni ƙiba, a ce ba shi da lafiya?”

Muka ɗora shi a kan bargo. Ba-Ragi ya kai hannu zai kama baro, sai na ga hannayen suna rawa, ya kasa riƙewa. Sajan ya waiwayo yana jiran a tafi. Nan take tsohon ya mayar da hannayensa baya ya ɓoye su, yadda ya saba ɓoye wuƙa.

“Mai Albasa,” ya ce, “tura mana. Yau Sajan direba biyu gare shi.”

Na ɗaure zanena na kama baro. Shi kuma ya bi gefe, hannaye a baya, yana yi wa karen hirar tsokar da za su saya.