Wasiƙar Baffa da Na Riƙe

Ni na buɗe wa Baba imel, lokacin da ofishin fansho suka ce sai da shi za a tantance tsofaffin malamai. Baba ko waya ba ya ɗagawa in bai san lambar ba, balle ya riƙe kalmar sirri. Ya ce in bar abin a wayata, duk abin da ya shigo in gaya masa. Shekara uku ina yi masa gadin akwatin da ba ya tara komai sai tallan inshora da albishir ɗin ya ci gasar da bai shiga ba. Nakan karanta masa a zaurenmu na Mandawari, ya yi dariya ya ce a gaishe su.

Ana saura mako biyu azumi wasiƙar Baffa ta shigo. Baffa ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar rabon gadon kakanmu, a gaban mutanen unguwa, ya ce Baba ya ɓoye littattafan mahaifinsu na rubutun hannu. Daga nan ya koma Legas, shekara goma sha ɗaya ba gaisuwa. Baba bai taɓa zaginsa ba, amma bai neme shi ba, domin a gidanmu ƙarami ke fara zuwa ban haƙuri, babba ya jira. Ni kuwa na zage shi a zuciyata har na gaji. Ni na ga Baba ya shigo ranar, ya zauna bakin gado bai ko cire takalmi ba.

'Yar Baffa ce ta rubuta da adireshinta, shi yana faɗa. Ya ce ciwo ya kwantar da shi, ya ce ƙarya ya yi wa Yaya kuma ya sani tun ranar, yana roƙon a yafe masa. Layi shida ne duka.

Na gaya wa kaina jinin Baba ya hau, bari ya sauka tukuna. Da ya sauka na ce bari a sha ruwa, sannan na ce bari a yi salla. Gaskiyar ita ce so nake Baffa ya ɗanɗana jira. Shekara goma sha ɗaya, sannan da layi shida a wuce wurin? Nakan buɗe wasiƙar a ofis ko a cikin adaidaita, in karanta ina jin daɗin da nake kunyar faɗa yanzu, sannan in danna ta koma kamar ba a taɓa ta ba. A zatona na share sawuna ke nan.

Baffa ya rasu bayan babbar salla. Iyalinsa suka zo Kano karɓar gaisuwa a gidan ƙanwar su Baba a Yakasai, Baba ya zauna kan tabarma kwana uku yana amsa ta'aziyyar ƙaninsa. Ran na ukun 'yar Baffa ta ja ni ɗaki. Ba da faɗa ta zo ba, shi ya fi ƙona ni. Ta ce a wurin aikinta akwai wani abu da suke maƙala wa wasiƙa, duk sanda aka buɗe sai ya sanar da wanda ya aiko, har da garin da aka buɗe. Ta sa wa wasiƙar ne don ta kwantar wa mahaifinta hankali cewa ta isa.

"Sau tara aka buɗe, Yaya, duk a Kano. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko an sake buɗewa. In na ce eh, sai ya ce to yana tunani ne, zai amsa. Daga baya ya ce in daina dubawa."

Ta tambaye ni ko Baba ya taɓa cewa wani abu da aka karanta masa. Na ce a'a. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na iya faɗa mata.

Washegari bayan la'asar na sami Baba a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na karanta masa layi shidan, sannan na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya tambayi yaushe ta zo. Na ce kafin azumi. Ya ƙirga watannin da yatsunsa, ya daɗe yana kallon hannun.

"Rubuta masa na yafe."

Na ce, "Baba, ai Baffa..."

"Na sani. Rubuta dai."

Na rubuta, na aika wa 'yar Baffa. Na jira faɗa, da ma ya yi min da na samu sauƙi. Bai yi ba. Sai ya miƙo min biro da bayan wata takardar asibiti, ya ce in rubuta masa kalmar sirrin nan. Mutumin da bai san ta inda ake shiga imel ba. Na rubuta, ya ninke takardar sau biyu ya sa a aljihun gaban rigarsa, kuma tun daga ranar bai sake tambayata abin da ya shigo ba.