Malam Shafa-Katako

Damina bakwai ke nan da muka binne Malam Garba a wani ƙauye da ke bayan Bukkuyum, irin ƙauyen da sai ka lallashi mai kabu-kabu kafin ya yarda ya kai ka. Na ce "muka binne" ne don al'ada. Ni dai rafi ya tare ni, na isa na tarar har an watse. Abokina ne tun muna firamare a Anka, tare muka yi kwalejin horon malamai, kuma makaranta ɗaya aka ba mu, shi lissafi, ni Hausa. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in tuna na taɓa rubutawa sau ɗaya, kuma wancan rubutun ne ya kai shi ƙauyen.

A lokacin wata jita-jita ce ta shigo ɗakin malamai, wai za a raba wa makarantu wata irin kwamfuta marar madannai, shafal kamar faranti, da yatsa ake shafa ta. Daga Anka har Gummi babu wanda ya taɓa ganin ta. Wasu ma sun ce ba a gama ƙera ta ba. Wannan bai hana mu aiki ba. Kullum bayan la'asar mukan zauna gindin darbejiya mu yi mata shari'a. Malam Bawa, mataimakin hedimasta, ya ce zafinta yana ƙona cinya kuma haskenta yana kashe ido. Wani ya ce surukinsa ya ji a Sakkwato cewa atishawa mai ƙarfi tana fasa gilashinta. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne cewa tana naɗar duk abin da malami ya faɗa a aji ta aika ofis, kuma guda ɗaya tana iya maye gurbin malami. Mun shirya mata jarrabawa, mun yi maki, mun kayar da ita, alhali ko rajista ba ta yi ba.

Garba ma bai gan ta ba, amma shi ta ɗaya gefen ya yi tasa gaggawar. Ya tsinci hotonta a guntun jaridar da aka ƙunso masa tsire, hoton da shi kansa zanen hasashe ne. Ya kai wa kafinta a kasuwa, aka yanko masa katako daidai littafin rubutu, ya shafe shi da baƙin fenti, ya zana ƙananan akwatuna da farin fenti. Duk ranar Juma'a a darasin ƙarshe sai ya zagaya da shi aji, kowane ɗalibi ya riƙe da hannu biyu, ya danna nan, ya shafa can. Hujjarsa ita ce kada ranar da abin ya zo yaran ƙauye su ji tsoron taɓa shi.

Ranar da ya yi kuskuren zuwa da shi majalisarmu ta gindin darbejiya, Malam Bawa ya juya shi gaba da baya ya ce, "Malam Garba, wanga abu naka da mi shika aiki, caji ko gara?"

Garba ya ce, "Da haƙuri, ranka shi daɗe."

Aka yi dariya, amma ba ta kai yadda nake so ba, sai na ƙara gishiri na raɗa masa Malam Shafa-Katako. Kafin mako ya zagayo masu sayar da fetur a kwalba sun san sunan. Ban taɓa koyar da darasin da ya zauna a kan mutane kamar wannan ba.

Da suna kawai aka tsaya, da yanzu yana nan yana furfura tare da mu. Sai wata jita-jitar ta haifi 'ya, wai idan kayan sun zo Garba za a ɗora a kansu, kuma shi zai ware malaman da suka iya da waɗanda za a sallama. Tsoro ya shiga mutane, aka ce a rubuta wa ofishin ilimi takardar ƙorafi a kansa. Da yake ni ne mai alƙalami, ni aka ba. Ba tilasta mani aka yi ba, yaba ni aka yi, kuma a wurina wannan ya fi tilas ƙarfi. Na rubuta cewa yana ɓata lokacin karatu, yana sa 'ya'yan mutane shafar itace, yana tallata abin da ba a san asalinsa ba. Na rufe da karin maganar da nake ji da ita, cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Ban lura ba cewa magabata jira suka ce a yi, ba su ce a guntule masa yatsun tun yana goye ba.

Aka yi masa canjin wurin aiki. Na raka shi tasha, domin kunya ba ta cikin abubuwan da suka dame ni a lokacin. Yana ɗaure kayansa a bayan babur ya ce, "Mamman, takardar ta yi kyau. Ɗan kuturu dai yat tona ka." Ya hau babur ɗin suka tafi. Daminarsa ta biyu a can zazzaɓi ya kama shi, rafi ya cika, kwana uku babu hanyar asibiti.

Kayan sun zo shekara biyu bayan rasuwarsa. Ba su yi kama da katakonsa ba. Sun fi shi ƙanƙanta, kuma inda ya koya wa yara su danna babu komai a wurin, don haka shi ma bai ci jarrabawar ba. Mu ma ba mu ci ba: ba su ƙona cinyar kowa ba, ba su kai ƙarar kowa ba, ba a sallami ko masinja ba. Wanda aka ɗora a kansu kuwa Malam Bawa ne. Da kunnena na ji shi a taron horarwa yana cewa, "Ku riƙe da hannu biyu, kada ku ji tsoro." Aka tafa masa. Yau suna kulle a kabad, batir ya mutu, ƙura ta rufe. Abin da muka rasa mutum a kansa bai yi zango uku yana aiki ba.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da zai leƙo gindin darbejiyar nan yanzu. Majalisar tana nan, sai dai an daina hira. Kowa ya sunkuyar da kai yana shafar gilashin wayarsa, daga Malam Bawa har masu haƙar zinariya da ke shigowa cin kasuwa. Idan an ɗago kai, to an ji labarin wata sabuwa ce da ba ta fito ba, a yi mata maki a kayar da ita. Ina jin ba zai ce komai ba. Duban mu zai yi ɗaya bayan ɗaya, yadda yakan dubi aji idan kowa ya kwafi amsa ɗaya kuma ba daidai ba ce.

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, tana nan da ranta a Anka. Katakon yana wurinta, shi ne murfin randarta. Bayan sadakar arba'in na je gaishe ta, ta buɗe randar ta ba ni ruwa, sannan ta ɗauko wata takarda daga cikin kayansa ta miƙo mani. Kwafin ƙorafin ne. Ta ce ita ba ta yi boko ba, in karanta mata abin da aka ce a kan ɗanta. Na riƙe takardar na shiga karanto abin da babu a ciki, cewa Malam Garba haziƙi ne, mai son ɗalibai, mai hangen nesa. Ban taɓa tsara magana mai daɗi irin ta ranar ba. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Ba haka kar rubuta ba, Mamman. Garba ya karanta mani." Ta karɓi kofinta ta rufe randar.

Idan aka auna abin da ya rage na Garba, ba shi da yawa. Sunan da na raɗa masa ya fi nasa na yanka daɗewa, har akwai tsofaffin ɗalibansa da sai ka ce Shafa-Katako suke gane wanda kake nufi. Sai katakon, wanda cikin duk kwamfutocin da aka yi gardama a kansu a Anka shi kaɗai ne har yau yake aiki. Kowace damina ina zuwa gaishe da Inna. Takan ɗaga katakon ta ɗebo mani ruwa, ta ajiye shi a gabana, gefen fentin yana sama, har sai na shanye. Ban taɓa roƙon ta gafara ba, ita ma ba ta taɓa rage mani aikin ba. Allah ya jiƙan Garba, ya sa can ba a yanke masa hukunci da jita-jita.